Agogon Tsuntsu: Daga Carar Zakara zuwa Jiran Aku

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Dogarawa ta ƙasar Adar a Nijar kafin wayar salula ta shiga aljihun kowa ya san mai tada gari. Zakara ne. Cara ta farko takan zo dare bai gama sakin jiki ba, uwargida ta tashi ta hura wuta ta ɗumama tuwon sahur. Ta biyu ta tarar da maigida yana alwala, kafin ta uku ladan ya riga ya ɗaga murya. Manoman albasa na fadamar Magiya, daga Galmi har ƙauyukan da ke bin ruwan zuwa Birnin Ƙonni, da wannan carar suke fita ban ruwa tun rana ba ta buɗe ido ba. In ka tambayi tsoho yadda zakara ya san lokaci, sai ya ce haka Allah ya yi shi. Gaskiya ya faɗa. Sai dai ɗan'adam ya kwashe kusan shekara 100 yana tonon abin da ke ƙarƙashin wannan amsa, abin da ya tono kuwa ya shafi zakaran tsakar gida, ya shafi tantabarar da ke kan soro, ya fi shafar akun da ke rataye cikin keji a zaure.

Kakanninmu ba su ƙidaya yini da lamba ba, suna suka raɗa wa kowane yanki nasa: asuba, jijjifi, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha. Ƙofofin yini biyu, ta shiga da ta fita, tsuntsayen gida ke tsaronsu. Zakara ya buɗe, kaji su rufe. Uwar da ta ce wa ɗanta ya dawo kafin kaji su shiga akurki ta faɗa masa lokaci sarai, ba shi da hujjar makara. Addini ma ya tabbatar wa zakara wannan muƙami. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya hana zaginsa saboda yana tada mutane salla, Buhari kuma ya kawo cewa Manzon Allah (SAW) kan tashi sallar dare idan ya ji cara.

Shekara ita ma da nata masu shela. Idan bazara ta kai maƙura, ƙasa ta yi zafin da ba a iya taka ta ba takalmi, sai wata safiya a ga shamuwa bisa tsamiyar tsakiyar gari tana jera kirare. Daga ranar magidanci zai leƙa rumbu ya duba irinsa na hatsi da wake, ya kai hauya wurin maƙeri. Ba a jifar shamuwa, ba a taɓa ƙwanta, gidan da ta yi sheƙa a itacensa kuwa kallon mai sa'a ake yi masa. Turawa sun rubuta ta a littattafansu tun 1823 da sunan Abdim, wani gwamna na zamanin mulkin Turkawa a ƙasar Sudan, amma sai a farkon shekarun 2000 masu bincike daga Danmak suka ɗaura wa wasu shamuwoyin Nijar ƴan na'urori masu aika saƙo ga tauraron ɗan'adam, suka bi sawunsu har gabashi da kudancin Afirka inda suke cin rani. Tsuntsuwar da ke kiwon fara can ƙetaren ikwaita, dubban kilomitoci daga Adar, me ke gaya mata hadari ya kusa haɗuwa a Dogarawa? Zabuwa ma tana da tata kalanda. Ba ta sakin ƙwai sosai sai damana ta kama, shi ya sa ba ka ganin ƙwaryar ƙwan zabi a bakin titi tsakanin Tsarnawa da Madawa sai a waɗannan watanni. Jan-baki kuwa yana jira ciyawa ta yi kore ta fitar da ƴaƴa kafin ya yi sheƙa, sai ƴaƴansa su tashi daidai da nunar hatsi, yara su kwana su yini a gona suna buga gwangwani.

Agogon ƙarfe tare da Bature ya shigo. Bayan ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899, mulkin Faransa ya zauna, aka fara kiran mutane bariki da ƙarfe kaza. A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, inda ake shan magani da awa. A 1957 BBC ta fara magana da Hausa, a 1958 aka kafa rediyon Nijar, sai ga shi labarun asuba da na dare sun zama sabbin alamomin yini. A tsakiyar shekarun 1960 masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki, ɗan ƙauye ya koyi shiga aiki da tashi bisa allurar agogo. Kaɗan-kaɗan aka karɓe wa zakara aikinsa. Bai fasa cara ba, mu ne muka daina dogara da ita.

Shi aku baƙo ne a wannan ƙasa. Namu na Sahel ita ce tsirya, koriya mai dogon wutsiya, wadda ke shawagi garke-garke a itatuwan fadama. Aku mai launin toka da jan wutsiya ɗan kurmi ne, daga dazuzzukan Gana da kudancin Najeriya da Kamaru da Kwango, inda yake cin kwakwar manja. Bai taɓa zuwa Adar da fiffikensa ba, sai a hannun fatake. Mutanen Asante ma da suna mai kama da namu suke kiransa, abin da ba zai ba wanda ya san hanyar goro ta Gwanja mamaki ba. Ya shigo a matsayin kayan ƙawa na sarakuna da attajirai, kuma da wannan rigar Abubakar Imam ya sa shi cikin Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Abin da ya fi burge ni a littafin shi ne irin aikin da Imam ya ba akun. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son fita, mugun waziri na jiransa a waje, sai aku ya riƙa riƙe shi da labari kowane dare har gari ya waye. Makaminsa duka lokaci ne: ya san tsawon dare, ya san yadda zai ja zance ya cinye shi. Ƙagaggen labari ne, amma ya zauna bisa abin da masu kiwon aku suka daɗe da lura da shi.

Ni kaina na gani. A wani gida da na taɓa zama a Ƙonni akwai aku a zaure. Kullum in la'asar ta yi sanyi sai ya fara kai da komo a kan sandarsa, yana maimaita sallama da muryar maigidan, tun kafin a ji ƙarar babur ɗinsa daga kasuwa. Ranar da maigida ya yi tafiya, akun ya yi sallamarsa a daidai wannan lokaci, ya yi ta yi har almuru, sa'an nan ya yi shiru ya hura gashinsa, ya ƙi gyaɗar da aka miƙa masa. Matan gidan suka ce ya san mai shi ba ya nan. Tun ranar nake son in san me tsuntsun nan ke ji tsakanin la'asar da almuru.

Amsar ta faro ne daga ganye, ba daga tsuntsu ba. A 1729 wani Bafaranshe masanin taurari, de Mairan, ya sa wani tsiro mai naɗe ganyensa da dare cikin wuri mai duhu, ya ga yana buɗewa da rufewa a kan kari ko da bai ga rana ba.  A 1920 Garner da Allard a Amurka suka nuna cewa tsirrai suna auna tsawon yini kafin su yi fure. Manomin Dogarawa ya riga su sani a aikace: maiwa ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta ko da an shuka ta da wuri, ita ma albasar Galmi da ta yi suna a duk Afirka ta Yamma tsawon yini ne ke ba ta umarnin yin kai. A 1925 William Rowan, a birnin Edimanton na Kanada, ya gwada abin a kan tsuntsu. Ya tsare wasu ƙananan tsuntsaye masu kama da gwara a waje cikin tsananin sanyi, ya riƙa ƙara musu ƴan mintoci na hasken lantarki kowace yamma. Tsakiyar hunturu, ƙanƙara ta rufe ko'ina, sai ga su suna waƙa, jikinsu ya shirya haihuwa kamar lokacinta ya yi. Haske ya ruɗe su. Masu kiwon kajin gidan gona da ke kunna fitila har awa 16 don a sami ƙwai da yawa, da wannan ilimin suke cin abinci.

Daga nan bincike ya koma Jamus. A 1950 Gustav Kramer ya gano cewa tsuntsu na kama hanya da rana. Amma rana ba ta tsaye, kowace awa tana gusawa, don haka wanda zai yi alƙibla da ita dole ya san ƙarfe nawa. Abokan aikinsa suka tabbatar da haka ta wata dabara mai sauƙi. Klaus Schmidt-Koenig ya ajiye tantabaru a ɗakin da ake kunna wuta da kashewa awa 6 gaba ko baya da ainihin gari. Bayan ƴan kwanaki aka kai su nesa aka sake, sai suka karkace da rubu'in da'ira: mai gida a kudu ta nufi gabas ko yamma. Duk yaron da ke kiwon tantabara a Malbaza ko Illela, ya kai ta ƙauye ya sake ta ta riga shi komowa, to da tsuntsuwa mai agogo a kai yake wasa.

Ina agogon yake? A 1968 Michael Menaker da Suzanne Gaston a Amurka suka cire wani ɗan ƙullutu da ke saman ƙwaƙwalwar gwara, wanda likitoci ke kira finiyal. Da aka bar tsuntsayen cikin duhu sai barci da farkawarsu suka watse, ba kari ba tsari. A 1979 aka ɗauko ƙullutun wani tsuntsu aka dasa wa wanda aka cire wa nasa, sai ya fara farkawa a lokacin mai ƙullutun na asali. An dasa masa lokacin wani. Wannan ƙullutu ne ke fitar da sinadarin melatonin da dare, kuma a jikin tsuntsu yana jin haske kai tsaye ta cikin ƙoƙon kai, ko da ido na rufe.

Batun shamuwa kuma Eberhard Gwinner ne ya kusanto da mu ga amsarsa. A ƙasashen Turai yini na tsawo da gajarta da awoyi masu yawa, amma a Dogarawa tazarar yini mafi tsawo da mafi gajarta ba ta kai awa 2 ba, a kan ikwaita kuwa kusan babu. Gwinner ya ɗauko wasu ƴan tsuntsaye daga Kenya ya ajiye su a Andeks ta Jamus, cikin ɗakin da haske da ɗumi ba sa sauyawa, shekara da shekaru. Ba su ga damana ba, ba su ga rani ba, amma suka ci gaba da sake gashi da shirin haihuwa bi da bi, sai dai shekararsu ba ta cika wata 12 ba. Ashe bayan agogon yini akwai kalandar shekara a cikin jikin tsuntsu, sararin sama gyara ta kawai yake yi kamar yadda ake saita agogo da labarun rediyo. Mai yiwuwa wannan ne ya sa shamuwa na iya zuwa a kan lokacinta ruwa ya yi jinkiri. Ba ƙarya ta yi ba. Kalandarta ta bi, hadari ne ya saɓa.

Shi kansa zakara sai a 2013 aka yi masa adalci. Tsuyoshi Shimmura da Takashi Yoshimura na Jami'ar Nagoya a Japan suka ga zakaru suna fara cara kimanin awa 2 kafin a kunna wuta. Da aka bar su cikin dishi-dishin haske dare da rana, suka ci gaba da cara sau ɗaya a kowace awa 23 da minti 42 ko kusa da haka. Wato ba ganin alfijir yake yi ba, tsammaninsa yake yi. A 2015 suka ƙara gano cewa babban zakara ne ke fara cara, sauran su biyo bisa girma, in an ɗauke shi na biyu ya gaje shi. Wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji zai gyaɗa kai, don ya sha ganin ɗan zakara na haɗiye cararsa har sai babba ya yi.

Duk wannan agogon jiki ne, irin wanda albasa ma take da shi. Tambayata game da akun Ƙonni ta wuce nan. Shin tsuntsu na tuna jiya? Yana jiran anjima? A 1998 Nicola Clayton da Anthony Dickinson suka gwada wasu tsuntsaye dangin hankaka masu ɓoye abinci. Aka ba su tsutsa, wadda suka fi so amma take saurin ruɓa, da gyaɗa wadda ba ta lalacewa. In an bar su su koma maɓoyarsu bayan awa 4, tsutsa suke tonowa. In sai bayan awa 124, ba sa ɓata ƙarfi a kanta, gyaɗa suke nufa. Sun tuna abin da suka ɓoye, da inda suka ɓoye, da tsawon lokacin da ya wuce. Kafin wannan gwaji masana da yawa na cewa dabba ba ta da jiya.

A kan aku kuwa sunan Irene Pepperberg ne ke gaba. Ta sayi akunta Alex a 1977, ta yi shekara 30 tana koya masa sunayen abubuwa da launi da ƙidaya har ya mutu a 2007. A 2015 ita da abokan aikinta suka gwada wani akun, Griffin. A ajiye masa abin da yake so, a nuna masa wanda ya fi so, a ce masa ya jira, a fita da na biyun. Wani lokaci jiran na daƙiƙoƙi ne, wani lokaci har minti 15, kuma kusan sau 9 cikin 10 ya daure. Yadda yake dauriyar ne ya fi taɓa ni. Yakan ture abincin gefe don kada ya gan shi, ko ya shiga gyaran gashi, ko ya rufe ido kamar mai neman barci, ko ya riƙa magana shi kaɗai. Haka yaro mai sabon azumi ke yi in la'asar ta yi. Halittar da ke neman dabarar rage wa kanta nauyin jira, lalle jiran na da nauyi a gare ta.

Akwai kuma abin da ido ke yi. Fitilar da ke ƙiftawa sau 60 a daƙiƙa ɗaya, mutum kan gan ta kamar tsayayyen haske. A 2016 masu bincike a Jami'ar Ufsala ta Suwidin suka sami ƙananan tsuntsaye masu cafke ƙuda a iska suna rarrabe ƙiftawa har kusan sau 145, ɗan ƙaramin akun Ostareliya da ake kiwo a gidaje shi ma ya zarce mu. Daga nan masana ke ganin cewa daƙiƙar tsuntsu ta fi tamu faɗi, abubuwa da yawa na shiga cikinta. In haka ne, yinin da aku ke yi shi kaɗai a keji bai gajarta masa ba don yana ƙarami. Mai yiwuwa ma ya fi tsawo.

Abin da na tsinta daga duk wannan shi ne aku ba ya lissafin ƙarfe biyar ko kwana uku kamar mu, amma yana rayuwa bisa jerin abubuwa: haske ya fito, garke ya tashi, a ci, a huta da tsakar rana, a koma makwanci da yamma. A kurmi darensa kusan awa 12 ne duk shekara, ba ya yini ko kwana shi kaɗai. A zaure mutanen gida ne garkensa, shigarsu da fitarsu ne allurar agogonsa. Sallamar da akun Ƙonni ke yi da la'asar kiran ɗan garke ne da ya kamata a ce ya iso.

A nan ne zamani ya juya mana. A dā tsuntsu ke gaya mana lokaci, yanzu mu muke ɗora masa namu. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7, ta farko irinta a Nijar, kuma tun kafin nan ƙananan fitilun sola sun cika kasuwannin Ƙonni da Illela. Alheri ne babba, ɗalibi na karatu da dare, mai jego ba ta lalube cikin duhu. Sai dai ƙwan fitilar da ke ci har asuba a tsakar gida ya shiga akurki, shi ya sa ake jin zakara na cara da tsakar dare, tsofaffi su ce zamani ya lalace har zakara ya ruɗe. Fitilar ce ta ruɗa shi, kamar yadda ta Rowan ta ruɗa tsuntsayen Kanada. Kanarin da ke rataye a rumfar mai shayi yana cikin haske da hayaniya har ƙarfe 1 na dare. Akun da ke falo kusa da talabijin bai san inda yini ya ƙare ba. Rashin barci da kaɗaici na cikin abubuwan da ke sa aku yawan ihu, da cizo, da fige gashin kansa har ƙirjinsa ya zama tsirara, mai shi ya ce sammu ne ko ƙwarƙwata.

A wani taro da aka yi a Johannasbag a 2016 ƙasashen duniya sun hana cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda sun kusa ƙarewa a kurmi, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. Ni ina goyon bayan haka ba tare da wata tantama ba, ba na kuma son ganin sabon keji. Amma aku na iya kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, wanda aka saya yau zai iya ganin jikokin mai shi. Waɗanda suka riga suka shigo gidajenmu suna nan, kuma abin da suke bukata bai fi ƙarfin kowa ba: duhu da shiru na awa 10 zuwa 12, abinci a kan kari, muryar da suka saba a lokacin da suka saba.

A gidan nan na Ƙonni tsohuwar gidan ce ta gane haka ba tare da ta karanta kowa ba. Da aka sa fitila a zaure, akun ya fara fige gashinsa. Jikanta ya ce, "Kaka, ko mu kai shi wurin mai magani?" Ta ce, "Bar shi, ɗan nan, barci ne bai samu." Ta ɗauko wani tsohon zane baƙi na turkuɗi. Kowane dare, ana idar da sallar lisha, sai ta sauke kejin ta kai shi ɗakin ajiya ta lulluɓe, kamar yadda take toshe bakin akurki da faifai. Akan ji shi daga ƙarƙashin zanen yana ƴan gunaguni, yana haɗa tarin maigida da kukan jariri, har ya yi tsit. Da asuba zakaran maƙwabta ke fara cara. Sai a ɗan jima, daga cikin ɗakin ajiya, wata carar ta amsa masa, siririya, da muryar aku.